Lamba mai alƙaluma miliyan 41: me aka gano, yaya aka tabbatar, kuma ina ruwanta da asusun banki?

A ranar 21 ga Oktoban 2024, GIMPS, wata ƙungiyar 'yan sa-kai masu farautar manyan lambobi da kwamfuta, ta sanar da cewa an gano lambar firam mafi girma da aka taɓa sani, wato lambar da babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Tana da alƙaluma 41,024,320. Wanda ya gano ta shi ne Luke Durant, mazaunin San Jose a jihar Kalifoniya ta Amurka, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA. Kafafen yaɗa labarai sun ɗauki labarin, sai dai ya bar masu karatu da yawa cikin duhu. Tunda ƙirga ba ta ƙarewa, me ake nufi da cewa an "gano" wata lamba? Ta yaya ake tabbatar da halin lambar da ko karanta ta sai an shafe fiye da shekara? Wasu kuma sun taɓa jin cewa irin waɗannan lambobi ne ke tsare asusun banki, sai suka ɗauka sabuwar lambar za ta ƙara wa kuɗinsu tsaro, ko ta rage shi.

Amsar kowace daga cikin tambayoyin nan tana komawa ne ga siffar lambar, wato yadda aka gina ta.

## Lambar da ba ta rabuwa

A ɗauki dabino 12. Ana iya raba su daidai wa daida tsakanin mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6, babu saura. A ƙara ɗaya su zama 13, sai rabo ya gagara: ko dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutum 13 kowa ya ɗauki ɗaya. Duk lambar da ta wuce 1, kuma babu mai raba ta sai 1 da ita kanta, ita ce firam. Jerinsu ya fara da 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19. Wadda ke rabuwa kuwa, kamar 12 ko 100, haɗaɗɗiya ce, don daga ninka ƙananan firam aka same ta: 12 ita ce 2 × 2 × 3, 100 kuma 2 × 2 × 5 × 5. Kowace haɗaɗɗiyar lamba hanya ɗaya tak ake bi a warware ta zuwa firam. Don kiyaye wannan ƙa'ida ne masana suka fitar da 1 daga sahun, domin da an bar ta a ciki, da 12 ta zama 2 × 2 × 3, ta kuma zama 1 × 2 × 2 × 3, haka dai ba iyaka.

Tun kimanin shekaru 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Euclid na birnin Iskandariyya ya kafa hujjar cewa firam ba sa ƙarewa. Hujjar gajeriya ce. A ce wani ya kawo jeri ya ce ya tattara firam duka. Sai a ninka su gaba ɗaya, a ƙara 1. Babu ko ɗaya a jerin da zai raba sabuwar lambar, kullum sai an sami saura 1. Ke nan ko dai ita kanta firam ce da ba ta cikin jerin, ko kuma akwai wani firam a wajen jerin da ke raba ta. Misali, 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 a ƙara 1 ya ba da 30,031, wadda ita ce 59 × 509, kuma dukansu biyu ba sa cikin jerin.

Saboda haka babu wani abu wai shi firam mafi girma. Abin da aka samu a 2024 shi ne mafi girma da aka tabbatar. A ƙasa da ita akwai firam masu ɗimbin yawa da babu wanda ya taɓa rubutawa, a sama da ita kuma akwai wasu ba iyaka.

## Dangin Mersenne

Ana rubuta sabuwar lambar a taƙaice kamar haka: 2^136,279,841 − 1. Ma'anarsa, a jera 2 har sau 136,279,841, a ninka su da juna, sannan a cire 1. Wancan adadi na sau nawa aka jera 2, shi za mu riƙa kira p. Idan p ya zama 2 an sami 3, idan 3 ne an sami 7, idan 5 ne 31, idan 7 ne 127. Dukansu firam ne.

Ninki-ba-ninki yana gudu fiye da yadda hankali ke zato. Malamin tarihi Ibn Khallikan ya kawo tsohon labarin nan na mutumin da ya roƙi sarki ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko na allon dara mai gida 64, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa. Jimlar ita ce 2^64 − 1, wato 18,446,744,073,709,551,615, alƙaluma 20 ke nan daga p mai 64 kacal. Wannan lambar haɗaɗɗiya ce, 3 ma tana raba ta. Dalili kuwa, akwai ƙa'ida: idan p haɗaɗɗe ne, to 2^p − 1 ma dole ta zama haɗaɗɗiya. A gwada da 4 a sami 15, a gwada da 6 a sami 63. Shi ya sa masu nema ba sa ɓata lokaci sai a kan p da shi kansa firam ne. Amma kasancewar p firam bai wadatar ba. Da p ya kai 11 sai a sami 2,047, wadda ita ce 23 × 89.

An laƙaba wa dangin sunan Marin Mersenne, wani limamin Kirista Bafaranshe da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. A 1644 ya fitar da jerin p da ya ce su kaɗai ne ke ba da firam har zuwa 257: su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Ya yi kuskure biyar. Lambobin 67 da 257 ba sa ba da firam, kuma ya tsallake 61 da 89 da 107. Sai da aka ɗauki kusan shekaru 300 kafin a gama tantance jerin nasa. Leonhard Euler ya tabbatar da ta 31 a 1772, wato 2,147,483,647. Édouard Lucas ya tabbatar da ta 127 a 1876, mai alƙaluma 39, kuma har yau ita ce firam mafi girma da aka tabbatar da hannu ba da na'ura ba. Daga 1952, lokacin da Raphael Robinson ya gano guda biyar cikin shekara ɗaya da kwamfutar SWAC a Los Angeles, aikin ya koma hannun na'ura.

## Abin da ake iya sani ba tare da an rubuta ta ba

Da za a karanta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai an kwashe kusan kwana 475. Da za a buga ta a takarda, alƙalami 3,000 a kowane shafi, za ta ci shafi fiye da 13,600. Adadin ƙwayoyin zarra da masana ke ƙiyasta suna cikin sararin da ake iya hangowa, kimanin alƙaluma 80 ne kawai ke rubuta shi. Duk da wannan girma, ɗalibin sakandare da biro da takarda zai iya fitar da halayenta da dama.

Alƙalaminta na ƙarshe, alal misali. Idan ana ninka 2, ƙarshen lambobin yana zagayawa ne: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, wato 2, 4, 8, 6, sannan a sake. Zagayen mai taki huɗu ne. Idan aka raba 136,279,841 gida 4, saura 1 ne, ke nan ninkin ya tsaya a kan takin farko, wato 2. A cire 1, lambar ta ƙare da 1. Da irin wannan dabara, mai zagaye 100, ana samun alƙaluma uku na ƙarshe: 551. Farkonta kuwa 88169 ne, ana samunsa da lissafin logaridim, wanda shi ne kuma ke ba da adadin alƙaluman. Idan aka tara alƙalumanta duka, aka sake tara na jimlar, har ya rage guda ɗaya, 4 za a samu, domin saurarta idan an raba ta gida 9 shi ne 4.

Ta fuskar rukuni, lambar mara ce, wato ba ta rabuwa biyu, kamar kowane firam in ban da 2, wadda ita kaɗai ce cika a cikinsu. Idan aka ƙara mata 2, abin da aka samu 3 na raba shi, don haka ba ta da tagwai ta sama, wato firam da ya ɗara ta da 2 kacal, irin yadda 11 ke da 13. Idan aka raba ta gida 8 saura 7 ne, kuma wannan ya jefa ta wani rukuni na daban. Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i huɗu ko ƙasa da haka. Murabba'i shi ne lamba da aka ninka da kanta, kamar 1, 4, 9, 16, 25. Wasu lambobin biyu sun ishe su, kamar 13 da take 4 + 9. Amma duk wadda ke barin saura 7 a rabon 8, biyu ba su isa ba, uku ma ba su isa ba, sai huɗun cif: 7 ita ce 4 + 1 + 1 + 1, 31 kuma 25 + 4 + 1 + 1. Haka sabuwar lambar take, ko da babu wanda ya zauna ya nemo murabba'an nata.

Hali mafi muhimmanci shi ne yadda kwamfuta ke ganin ta. A ƙirgar kwamfuta, mai amfani da 0 da 1 kawai, 7 ita ce 111, 31 kuma 11111. Sabuwar lambar 1 ce zalla jere da juna har sau 136,279,841, babu 0 ko ɗaya.

## Yadda ake tabbatarwa

Hanyar da aka koya a makaranta ita ce a yi ta gwada rabawa da 2, 3, 5, 7, har a kai lambar da in an ninka ta da kanta za ta kai wadda ake bincike. A nan wannan iyaka tana da alƙaluma fiye da miliyan 20. Ko an haɗa kwamfutocin duniya duka, ba za su ko kama hanya ba.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne gwajin da Lucas ya ƙirƙiro, Derrick Lehmer na Amurka ya kammala shi a 1930, kuma dangin Mersenne kaɗai yake yi wa aiki. Ana farawa da 4. A ninka ta da kanta, a cire 2, a raba da lambar da ake bincike, a riƙe saura. Sai a maimaita da wannan saura. Ana yin haka sau adadin p bayan an rage masa 2. Idan saura na ƙarshe sifili ne, lambar firam ce. Idan ba sifili ba ne, haɗaɗɗiya ce. Babu shakka a kowane ɓangare.

Ga yadda yake da 31, inda p yake 5, wato taki uku. Daga 4 an sami 16, a cire 2, saura 14. Daga 14 an sami 196, a cire 2 ya zama 194, a raba da 31, saura 8. Daga 8 an sami 64, a cire 2 ya zama 62, wanda 31 ke rabawa cif. An sami sifili, 31 firam ce. Idan aka yi wa 2,047 haka, bayan taki tara 1,736 ake samu, alamar cewa haɗaɗɗiya ce.

A lura da wani abu a nan: gwajin ya ce 2,047 haɗaɗɗiya ce, amma bai ambaci 23 ko 89 ba. Sanin cewa lamba tana rabuwa aiki ne daban, nemo masu raba ta kuma wani aikin ne da ya fi shi wuya nesa ba kusa ba. Lucas ya nuna tun 1876 cewa 2^67 − 1 haɗaɗɗiya ce, amma sai a 1903 Frank Nelson Cole ya tashi a wani taron masana a New York ya rubuta a allo cewa ita ce 193,707,721 × 761,838,257,287. Lambar 2^1277 − 1 alƙalumanta 385 ne kawai, an daɗe da sanin haɗaɗɗiya ce, amma har lokacin sanarwar 2024 ba a san ko ɗaya daga masu raba ta ba. Wannan bambanci zai sake tasowa idan an zo batun banki.

Ga sabuwar lambar, gwajin na nufin ninka lamba mai alƙaluma miliyan 41 da kanta har sau 136,279,839. Abu biyu ne suka sa hakan ya yiwu. Na farko, akwai hanyoyin ninka manyan lambobi cikin sauri da aka inganta tun daga shekarun 1970. Na biyu shi ne waccan siffa ta 1 zalla. Kamar yadda nemo saurar 1,234 a rabon 99 ba ya bukatar dogon lissafi, a yanka ta biyu kawai a tara 12 da 34 a sami 46, haka kwamfuta ke samun saura a rabon 2^p − 1 ta hanyar yankawa da tarawa. Rabawa, wadda ita ce mafi cin lokaci, ta zama kusan kyauta. Wannan ne dalilin da ya sa dangin Mersenne suka mamaye saman jerin manyan firam. Lambar da ba ta da wata siffa ta musamman, ko mai alƙaluma miliyan ɗaya ba a kai ga tabbatarwa ba.

## Ranar 11 ko ranar 12?

George Woltman ne ya kafa GIMPS a 1996. Tsarin mai sauƙi ne: mutum ya sauke manhajar Prime95 kyauta, a ba kwamfutarsa wani p ta yi ta gwadawa a lokacin da ba ta da aiki. Ta haka aka gano firam na Mersenne 17 a kan kwamfutoci na gama-gari, na ƙarshensu shi ne 2^82,589,933 − 1, mai alƙaluma 24,862,048, wanda Patrick Laroche ya samu a Disamban 2018. Durant ya canja salo. Ya yi hayar dubban na'urorin GPU, irin waɗanda aka ƙera don zane da wasannin kwamfuta kuma yanzu ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su, a cibiyoyin adana bayanai da ke ƙasashe 17, ya ɗora musu manhajar da Mihai Preda ya rubuta. Ya yi kusan shekara guda yana wannan aiki.

A 'yan shekarun nan GIMPS ba ta fara bincike da gwajin Lucas da Lehmer. Tana farawa ne da wani gwaji da ya samo asali daga Pierre de Fermat a 1640, saboda yana da hanyar kama kuskuren na'ura tun ana cikin aiki, kuma ana iya tantance sakamakonsa ba tare da an maimaita aikin daga farko ba. Rauninsa shi ne, idan ya ce haɗaɗɗiya ce to haka ne, amma idan lamba ta tsallake shi, iyakar abin da za a ce shi ne "mai yiwuwa firam ce". Akwai haɗaɗɗun da ke yaudarar sa, kamar 341, wadda take 11 × 31, idan an yi gwajin da 2. Hasali ma duk wata 2^p − 1 mai p firam tana tsallake gwajin da aka yi da 2, har da 2,047, shi ya sa GIMPS ke yin nata da 3.

Ranar 11 ga Oktoba wata na'ura a Dublin ta ƙasar Ireland ta ba da rahoton cewa lambar ta tsallake gwajin Fermat. Washegari wata a San Antonio ta jihar Texas ta kammala gwajin Lucas da Lehmer. Sai tambaya ta taso: wace ce ranar ganowa? Masu cewa 11 suna da hujjar cewa a lambobi masu wannan girma, yiwuwar gwajin Fermat ya yi ƙarya ya yi ƙanƙantar da bai kai na kuskuren na'ura ba, kuma a ranar ce aka fara sanin lambar. Masu cewa 12 suna ganin a lissafi rinjayen zato ba ya zama hujja komai ƙarfinsa. GIMPS ta zaɓi 12 ga wata, kuma kafin sanarwa an sake gwajin da manhajoji daban-daban a kan na'urori daban-daban.

Akwai wata kalma a sanarwar da ya kamata a kula da ita: an ce ita ce ta 52 "da aka sani" a cikin firam na Mersenne. Ba a ce ita ce ta 52 a jeri ba, domin a lokacin ba a gama gwada kowane p da ke ƙasa da ita ba. An taɓa samun irin wannan giɓi. A 1988 aka gano mai p 110,503, alhali tun 1985 an san mai 216,091. Haka a 2009 aka gano mai 42,643,801, bayan an riga an yi shelar mai 43,112,609 a 2008.

## 'Yar rakiyarta, cikakkiyar lamba

Tun zamanin Girkawa ake kasa lambobi gida uku bisa jimlar masu raba su, ban da lambar kanta. Masu raba 8 su ne 1, 2, 4, jimla 7, bai kai 8 ba, don haka tauyayyiya ce. Na 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6, jimla 16, ta yi rara. Na 6 kuwa 1, 2, 3 ne, jimla 6 daidai, ita ce cikakkiya. Bayan 6 sai 28, sai 496, sai 8,128, sai kuma 33,550,336. Kowane firam tauyayye ne matuƙa, tunda 1 kaɗai yake da ita, har da mai alƙaluma miliyan 41.

Amma kowane firam na Mersenne yana haifar da cikakkiyar lamba. Euclid ya nuna cewa idan 2^p − 1 firam ce, aka ninka ta da 2^(p − 1), abin da aka samu cikakke ne: 3 × 2 ya ba da 6, 7 × 4 ya ba da 28, 31 × 16 ya ba da 496. Ibnul Haisam, masanin Basra da ya zauna a Alƙahira wajen shekara ta 1000, ya yi hasashen cewa duk cikakkiyar lamba mai rabuwa biyu ta wannan hanya take zuwa, Euler kuma ya kafa hujjar hakan a ƙarni na 18. Ke nan aikin Durant ya zo da cikakkiyar lamba ta 52 da aka sani, mai alƙaluma 82,048,640, wadda ke ƙarewa da 6.

Tambayoyi biyu na nan ba amsa. Shin akwai cikakkiyar lamba mara? Ba a taɓa ganin ko ɗaya ba, kuma an tabbatar a 2012 cewa idan akwai ta, to alƙalumanta sun haura 1,500. Shin firam na Mersenne ba sa ƙarewa? Yawancin masana suna kyautata zaton haka, amma babu hujja. Gano ta 52 bai matsar da ko ɗaya daga tambayoyin nan ba, domin misalai komai yawansu ba sa yanke hukunci kan abin da ba shi da iyaka.

## Kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Jaridun Amurka sun ruwaito cewa Durant ya kashe kusan dala miliyan 2 daga aljihunsa. Kyautar GIMPS dala 3,000 ce, wadda ya ce zai ba sashen lissafi na wata makarantar kimiyya a jihar Alabama. Masu suka suna cewa wannan kuɗi da wutar lantarki sun tafi a kan lambar da ba ta warware wata matsala ba, ba ta kuma koya wa masana sabuwar ƙa'ida ba. Wasu daga cikin masu sha'awar aikin ma sun damu ta wata fuskar: abin da a da mai kwamfuta ɗaya a ɗakinsa ke iya dacewa da shi, yana neman komawa hannun mai iya biyan kuɗin haya.

Masu kare aikin ba su cika musanta cewa lambar kanta ba ta da amfani a yau ba. Hujjarsu tana kan abin da ake tsinta a hanya. Lissafi ne mai tsawo wanda kuskure ɗaya tak ke rushe shi, don haka ya zama ma'aunin lafiyar na'ura. Masu haɗa kwamfuta sun daɗe suna gwada sababbin na'urori da Prime95, kuma da ita aka bankaɗo wata matsala a na'urorin Skylake na kamfanin Intel, wadda kamfanin ya amince da ita a farkon 2016. Kafin nan, a 1994, Thomas Nicely yana binciken tagwayen firam ne ya gano kuskuren rabawa a na'urar Pentium, abin da ya ci wa Intel dala miliyan 475. Sukan kuma tuna cewa masanin lissafi G. H. Hardy na Ingila ya yi alfahari a 1940 da cewa ilmin lambobi ba shi da wani amfani na zahiri, sai ga shi kafin shekaru 40 ya zama ginshiƙin tsaron sadarwa.

Idan aka auna, hujjojin ɓangarorin biyu ba sa karo da juna sosai. Masu suka suna magana a kan lambar, masu karewa suna magana a kan manhaja da dabarun da aka ƙera wajen nemanta.

## Ina ruwanta da banki da waya?

Gaskiya ne firam na tsare mu'amala ta intanet. Tsarin RSA, wanda Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka fitar a 1977, ya dogara ne a kan wancan bambanci da aka gani a sama. Ana zaɓar firam biyu a asirce, kowanne mai alƙaluma kusan 309, a ninka su a sami lamba mai alƙaluma 617, a bayyana ta ga kowa. Da ita ake kulle saƙo, amma sai wanda ya san firam biyun ke iya buɗewa. Kowa ya san lambar haɗaɗɗiya ce. Nemo masu raba ta ne ya gagara. A 2020 wasu masana sun warware irin wannan lamba mai alƙaluma 250, kuma aikin ya ci kwatankwacin shekaru 2,700 na aikin ƙwaƙwalwar kwamfuta guda.

Sabuwar lambar ba ta da gurbi a wannan tsari. Sirri ake bukata, ita kuwa duniya ta san ta, kuma firam na Mersenne 52 ne kacal da aka sani, mai son fasa makulli zai gwada su duka nan take. Ga kuma nauyi: fayil ɗinta kaɗai ya kai megabait 41. Saboda haka mai tura kuɗi ta manhajar banki ko mai cira a POS, babu abin da ya ƙaru ko ya ragu a tsaronsa ranar 12 ga Oktoban 2024. Masu damfara ma ba lissafin suke fasawa ba, lambar sirri suke yaudarar mutum ya faɗa musu da bakinsa.

Ƙananan 'yan uwanta ne ke aiki a cikin na'urori. Firam 2^521 − 1, ɗaya daga cikin biyar ɗin da Robinson ya gano a 1952, shi ne tushen wani tsarin ɓoye saƙo da hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta amince da shi. WhatsApp na amfani da wani tsarin da aka gina a kan 2^255 − 19, wanda ba ɗan dangin Mersenne ba ne amma an zaɓe shi don irin wancan sauƙin rabawa. Firam 2^19,937 − 1, da aka gano a 1971, shi ne ƙashin bayan wata hanyar samar da lambobin ƙuri'a da masana biyu 'yan Japan suka fitar a 1997, wadda manhajoji da yawa ke amfani da ita. Ita kuwa 2,147,483,647 ta Euler, ita ce iyakar ƙirgar tsofaffin kwamfutoci da yawa. Waɗanda ke ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga farkon 1970 za su cike wannan adadi ranar 19 ga Janairun 2038, shi ya sa ake ta sabunta su tun yanzu.

Barazanar da masana tsaro ke sa wa ido ta wani wajen take. Peter Shor ya nuna a 1994 cewa kwamfutar kwantum, wani sabon nau'in kwamfuta da ake ƙoƙarin ƙerawa, idan ta sami isasshen ƙarfi za ta iya warware manyan lambobi cikin sauri. Ba a ƙera mai wannan ƙarfin ba tukuna, amma a Agustan 2024, wata biyu kafin labarin Durant, NIST ta fitar da sababbin ƙa'idojin ɓoye saƙo da ba su dogara da wahalar warware lamba ba. Wannan sauyi ne zai iso wayoyi da bankuna sannu a hankali ta hanyar sabunta manhaja.

Neman firam kuwa yana ci gaba. Gidauniyar EFF ta Amurka, wadda ta riga ta biya dala 50,000 kan firam na farko mai alƙaluma miliyan 1 da dala 100,000 kan mai miliyan 10, ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara kawo mai miliyan 100. A dangin Mersenne, wannan na bukatar p da ya haura miliyan 332, kusan ninki biyu da rabi na wanda Durant ya samu.